Hanyoyin Gano Matsalolin Cajin Batir a Ƙananan Jiragen Sama da Ƙa'idojin Gyaransu

1.0 GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce mu yi bayanin yadda ƙaramin jirgin sama yake sama wa kansa wutar lantarki, da yadda ake bin sawun cikas idan cajin batir ya tsaya, da kuma ƙa'idojin da ake kiyayewa wajen gyara. Abin da muke nufi da ƙaramin jirgi shi ne irin nan mai farfela, mai inji ɗaya ko biyu, wanda galibi ba ya ɗaukar fiye da mutum shida.

Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwan mutumin Wanke ko Tsafe ko Bunguɗu da wannan batu? Dalilanmu biyu ne. Na farko, ƙaramin jirgi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun cikin watan Nuwamba na 1925 wasu jirage uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar suka sauka Kano. A 1964 aka kafa makarantar koyon aikin jiragen sama ta Zariya da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, inda aka yi shekaru ana horar da matuƙa da jirage irin su Tampico TB-9 da Baron 58, daga baya kuma aka kawo Diamond DA40 da DA42. A Kaduna aka harhaɗa jiragen Air Beetle guda 60 domin horar da sojan sama. A nan Zamfara kuwa, duk shekarar da jan-baki ya afka wa gero da dawa da shinkafa, ƙananan jirage ne hukumomin aikin gona sukan ɗauko domin feshi. Feshin jan-baki da almuru ake yin sa, sa'ad da tsuntsayen suka taru a makwancinsu. Wato matuƙi yakan juyo gida duhu ya fara shiga, a daidai lokacin da ya fi bukatar fitila da rediyo. Jirgin da ya kwana uku a ƙasa saboda batirinsa ba ya caji, manomi ne yake biyan kuɗin wannan zama da amfanin gonarsa.

Dalili na biyu shi ne, a 2024 an ƙaddamar da aikin gina babban filin jirgin sama a Gusau, kuma filin jirgi yana bukatar ma'aikata masu sanin lantarki. Daga hannun malaman fasaha da muke yayewa a kwalejojin ilimi waɗannan ma'aikata za su fara fitowa.

Abin da muke so mu tabbatar a wannan takarda guda ɗaya ne: sau da yawa na'urar da ake ɗora wa laifi lafiyarta ƙalau, kuma ma'aikacin da ya auna kafin ya kwance shi ne yake gano ainihin ciwon.

2.0 YADDA TSARIN CAJI YAKE AIKI

2.1 Ma'aunai uku

Kafin mu shiga jirgi, ya kamata mu daidaita kan kalmomi uku. Ƙarfin turin lantarki da bolt ake auna shi, yawan kwarararsa da amfiya, turjiyar da waya ko mahaɗa take yi masa kuma da om. Idan muka kwatanta da rijiyar burtsatse mai tanki a sama, bolt shi ne matsin ruwa, amfiya yawan ruwan da ke bin bututu, om kuwa ƙuncin bututun ko tsatsar da ta toshe shi. Masanin nan na Jamus, Georg Ohm, ya bayyana dangantakarsu a 1827: idan aka ninka amfiya da om, abin da ya fito shi ne bolt ɗin da ya salwanta a wannan wuri. Dukkan binciken da za mu kawo a gaba a kan wannan ƙa'ida ya dogara.

2.2 Batir da altaneta

Ƙananan jirage iri biyu ne ta fuskar lantarki: masu batir na bolt 12 da masu na bolt 24. Aikin batir shi ne ya tada inji, sa'an nan ya zama ajiya don ranar wuya. Da zarar inji ya tashi, altaneta ce take ɗaukar nauyin rediyo da fitilu da sauran na'urori, tana kuma mayar wa batir abin da ya kashe. Ruwa ba ya shiga tanki sai matsin famfo ya fi na tankin. Haka nan batir ba ya caji sai altaneta ta ba da wutar da ta ɗara tasa, wato kusan bolt 14 a tsarin farko, kusan 28 a na biyu.

Altaneta tana aiki ne bisa abin da Michael Faraday ya gano a 1831, cewa idan maganaɗisu ya motsa kusa da naɗin waya, lantarki yakan samu a cikin wayar. A cikinta akwai naɗi mai juyawa, da naɗi na tsaye mai rassa uku. Naɗi mai juyawa ba maganaɗisu ba ne da kansa, sai an ba shi 'yar wuta kaɗan, amfiya biyu zuwa huɗu, ta hanyar burushi biyu na gawayi da ke gugar zobba biyu na tagulla. Wannan 'yar wuta ita za mu riƙa kira wutar fili. Wutar da ke fitowa daga naɗin tsaye mai kai-da-komo ce, saboda haka aka sa dayod shida su miƙar da ita ta bi hanya ɗaya, yadda batir zai karɓa. Yawancin ƙananan jirage altanetarsu tana iya ba da amfiya 60 ko abin da ya yi kusa da haka.

A nan akwai abin lura. Jiragen da aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1960 janareta suke da shi, wanda yake tada kansa da ragowar maganaɗisun da ke jikin ƙarfensa, amma ba ya ba da wutar kirki idan inji yana tafiya a hankali. Altaneta ta fi shi sauƙin nauyi, tana kuma caji ko da inji bai yi sauri ba, sai dai tana bukatar batir ya fara ba ta wutar fili. Saboda haka idan batir ya mutu murus aka tada inji ta juya farfela da hannu, mai yiwuwa ne altaneta ta yi ta juyawa ba ta ba da komai ba.

2.3 Madaidaici da masu tsaro

Madaidaicin wuta shi ne yake lura da bolt ɗin da ke kan babbar mahaɗa, wato sandar da dukkan na'urori suke shan wuta daga gare ta. Idan ya ga wuta ta yi ƙasa sai ya ƙara wutar fili, idan ta yi sama sai ya rage. Bayansa akwai mai tsaron hauhawar wuta, wanda yake yanke wutar fili idan bolt ya kai wajen 16 a tsarin 14, ko wajen 32 a tsarin 28, don kada rediyo da batir su ƙone. Akwai kuma makatsai, masu aikin fis, waɗanda suke ɓallewa idan kwarara ta wuce kima.

Idan muka bi wutar fili daga tushe, za mu ga ta taso daga babbar mahaɗa, ta bi ta makatsin fili, ta ratsa makunnin altaneta da ke gaban matuƙi, ta wuce mai tsaro da madaidaici, kafin ta isa ga burushi. Kowace mahaɗa a wannan doguwar hanya tana iya tsinke caji, alhali altaneta ba ta da laifin komai.

2.4 Abin da ya sa inji ba ya mutuwa

Injunan fetur na Lycoming da Continental, waɗanda su ne a yawancin ƙananan jirage, suna samun tartsatsin fulogi daga maganeto biyu masu cin gashin kansu. Ko lantarki ya ɗauke gaba ɗaya, inji zai ci gaba da aiki. Abin da matuƙi yake rasawa shi ne rediyo, da fitilu, da na'urorin gane hanya, da ma'aunin mai, a wasu jiragen kuma har da na'urar sauke ƙafafu. Amma sababbin injunan dizal, irin na jiragen Diamond masu shan man Jet A-1, kwamfuta ce take sarrafa su, ita kuwa ba ta rayuwa sai da lantarki. A 2007, a garin Speyer na Jamus, an tada injunan wani DA42 da wutar waje saboda batirinsa ya yi sanyi. Yana tashi, da aka janye ƙafafunsa, sai wuta ta yi ƙasa na ɗan lokaci, injuna biyun suka mutu tare. Bayan wannan ne hukumomi suka wajabta a sa wa kwamfutocin injin batir na musamman. Ke nan matsalar caji a jiragen zamani ta fi ta da nauyi.

3.0 ALAMOMIN CIWO

Likita yakan fara da tambayar majiyyaci, haka shi ma injiniya ya kamata ya fara da tambayar matuƙi: yaushe abin ya faru, me aka kunna a lokacin, allurar ma'auni ina ta nuna? Lalle ne kuma ya san irin ma'aunin da ke cikin jirgin. Jiragen Cessna da yawa ma'auninsu sifiri a tsakiya yake, yana nuna ko wuta tana shiga batir ko tana fita. Na Piper da yawa kuwa nauyin da altaneta take ɗauke da shi suke nunawa. Allura a kan sifiri a irin na farko alama ce ta batir ya cika, a irin na biyu kuma alama ce ta altaneta ta daina aiki.

Alamomin da aka fi gani su ne kamar haka:

(a) Babu caji sam. Fitilar gargaɗi ta kama, bolt ya sauka zuwa na batir. Galibi wutar fili ce ta yanke, ko bel ya tsinke, ko burushi ya ƙare.

(b) Caji yana nan sai an kunna manyan fitilu ya faɗi. Wannan yana nuna bel mai santsi, ko dayod da ya mutu, ko mahaɗa mai tsatsa a kan babbar waya.

(c) Allura tana rawa, fitilu suna ƙyaftawa. Mafi yawan lokaci turjiya ce ta taru a makunni ko makatsin fili.

(d) Wuta ta yi yawa, batir yana zafi yana shanye ruwansa, ko mai tsaro yana yawan yanke caji.

(e) Wani siririn kuka a cikin rediyo, wanda yake hawa yana sauka tare da gudun inji. Wannan kukan dayod ne, ko na wayar da rigar kariyarta ta yanke.

4.0 MATAKAN BINCIKE

Kayan aikin da ake bukata ba su da yawa: ma'aunin lantarki na hannu, da zanen wayoyin jirgin, da littafin gyara na kamfanin da ya ƙera shi. Alƙaluman da za mu kawo na kusa ne, littafin kamfani shi ne alƙali. Kafin a taɓa komai, a tabbata maganeto a kashe suke, a kuma ɗauki farfela tamkar za ta iya juyawa a kowane lokaci.

4.1 Mataki na ɗaya: batir

Batir mai ruwa na bolt 12, idan ya cika ya kuma huta, yakan nuna wajen 12.6 ko sama kaɗan, na 24 kuma ninkin haka. Wanda ya nuna 12.0 a hutu ya riga ya zubar da fiye da rabin cajinsa. A duba kawunansa ko farin gari ya taru, a duba ruwansa. Bincike a kan mataccen batir ɓata lokaci ne, domin duk awon da za a yi bayansa zai zo da kuskure.

4.2 Mataki na biyu: ido da hannu

A duba bel ko ya tsattsage ko ya yi ƙyalli. Ba a auna taurinsa da yatsa kawai. Kamfanin Lycoming ya ba da ƙa'ida cewa a ɗora sifana mai ma'auni a kan notin fulin altaneta, a riƙe farfela, a ga inda fuli zai fara zamewa. Ga bel mai faɗin kashi uku cikin takwas na inci, sabo ya kamata ya riƙe har 11 zuwa 13 a ma'aunin ƙafa-laba, wanda aka yi amfani da shi kuma 7 zuwa 9. Bel mai sako-sako ba ya ja, wanda ya yi tauri da yawa kuma yana cinye boris. A wasu injunan Continental, irin na Baron 58, babu bel, haƙoran inji ne suke juya altaneta ta wata mahaɗa mai roba. Idan wannan mahaɗa ta lalace ɓarɓashinta cikin man inji yake zuba, don haka binciken bai ƙare ba sai an duba matatar mai. Sa'an nan a ja kowace waya a hankali a bakin mahaɗarta. Girgizar inji takan karya zaren waya a cikin rigarta, daga waje ba a ganin komai.

4.3 Mataki na uku: bin wutar fili

Wannan shi ne zuciyar binciken. Inji yana kashe, a kunna babban makunni da na altaneta. A kusantar da sukundireba ga fulin altaneta. Idan an ji maganaɗisu yana jan sa, wutar fili tana isa. Idan babu, sai a ɗauki ma'auni a auna bolt a bakin filin altaneta. A tsarin da ya fi yawa, inda madaidaici yake tsakanin babbar mahaɗa da fili, ya kamata a sami abin da ya yi kusa da na batir, da ragin bolt ɗaya ko biyu. Akwai kuma tsarin da madaidaici yake ta ɓangaren komawa, shi ya sa zanen wayoyi ya zama dole.

Idan babu wuta a bakin fili, sai a riƙa komawa baya mahaɗa bayan mahaɗa: fitar madaidaici, shigarsa, mai tsaro, makunni, makatsi. Inda aka sami wuta a gefe ɗaya aka rasa a ɗaya gefen, nan gizo yake saƙa. Idan kuwa wuta tana isa amma babu maganaɗisu, sai a cire wayar fili a auna turjiyar naɗi mai juyawa. A tsarin bolt 12 akan sami om uku zuwa shida, a na 24 ya fi haka. A juya fuli a hankali ana kallon ma'auni. Idan alƙalami yana tsalle, ko ya nuna hanya a yanke, burushi ne ya ƙare ko zobba suka yi datti. Sai a wannan lokaci ne ya halatta a fara zargin altaneta.

4.4 Mataki na huɗu: awon ɓatan bolt

Ma'aunin om ba ya iya tona ƙaramar turjiya yadda ya kamata. Hanyar da ta fi ita ce a auna bolt tsakanin bakin waya da ƙarshenta sa'ad da wuta take bi. Bari mu kawo misali. A ce mahaɗar babbar waya ta yi tsatsa, ta sami turjiya ta kashi ɗaya cikin goma na om. Wannan ba ya ko motsa hankalin mai awo. Amma idan amfiya 40 ta bi ta wurin, bolt 4 ne ya salwanta, wurin kuma yana fid da zafi na wat 160. Altaneta tana ba da wuta, batir yana zaune da yunwa, mahaɗa tana toyewa.

Haka abin yake a hanyar fili. A jirage da yawa, wayar da take kai wa fili wuta ita ce kuma madaidaici yake duba bolt da ita. Idan tsohon makunni ya sami turjiyar rabin om, amfiya uku ta bi, bolt ɗaya da rabi ya ɓace. Madaidaici sai ya zaci wuta ta yi ƙasa, ya ƙara, sa'an nan ya ga ta yi yawa, ya rage. Wannan kai-da-komo shi ne rawar allurar da muka ambata a (c), kuma yana iya kai wa ga mai tsaro ya yanke caji. Sau nawa ake sauya madaidaici, a sauya altaneta, ciwo yana nan, alhali ɗan makunni ne mai rahusa? Ƙa'ida ita ce kada ɓatan ya wuce rabin bolt a dukkan hanyar. Kada kuma a manta da hanyar komawa, wato igiyar da ta haɗa inji da gangar jirgi, da wadda ta haɗa gangar da batir. Fenti ko tsatsa a ƙarƙashin notinta ya isa ya rikita tsarin duka.

4.5 Mataki na biyar: gwaji inji yana tafiya

A tada inji, mutum ɗaya a kan birki, wayoyin awo an ja su nesa da farfela. A gudun da littafi ya tsara, a auna babbar mahaɗa, sa'an nan a kunna fitilu da sauran kaya ɗaya bayan ɗaya. Bolt ya kamata ya tsaya kusa da 14 ko 28. Bayan haka a mayar da ma'auni kan wuta mai kai-da-komo, a auna a bakin fitar altaneta. Lafiyayyar altaneta kaɗan take nunawa, ƙasa da bolt ɗaya. Abin da ya haura haka yana nuna dayod ya mutu ko naɗin tsaye ya sami rauni.

5.0 TASIRIN YANAYIN ƘASARMU

Akasarin littattafan gyara a ƙasashen sanyi aka rubuta su, alhali a yankin Gusau zafin bazara yakan haura digiri 40. Zafi yana ƙafar da ruwan batir yana kuma cin farantansa. Sanannen abu ne cewa rayuwar batir mai dalma takan ragu da kusan rabi duk lokacin da zafin wurin ajiyarsa ya ƙaru da digiri 8 zuwa 10 a kan 25. Jirgin da yake yini a rana ba rumfa, batirinsa ba zai kai shekarun da aka ƙiyasta masa ba. Zafi kuma shi ne babban maƙiyin dayod, musamman idan aka daɗe a ƙasa inji yana tafiya, kaya duk a kunne, iskar sanyaya ba ta wadata ba. A duba bututun da yake kai wa altaneta iska, domin zanzaro yakan yi gini a ciki idan jirgi ya daɗe a ajiye.

Da hunturu kuma ƙura takan shiga ta gauraya da man da ya yoyo, ta zama kamar sanfefa a kan zobba da boris. Da damina laima takan kawo tsatsa a mahaɗu. Masu ƙera altaneta da yawa sun ce a duba burushi kowace awa 500 ta tashi. A ganinmu, jirgin da yake sauka a filin ƙasa, kamar yadda jiragen feshi suke yi, ya cancanci a riƙa duba shi kafin wannan wa'adi.

6.0 ƘA'IDOJIN GYARA

Akwai ɗabi'u biyu da suka zama ruwan dare a wajen masu rewaya na bakin hanya, waɗanda lalle ne a raba ɗalibi da su tun da wuri. Ta farko ita ce cire kan batir inji yana tafiya don a ga ko altaneta tana caji. Batir shi ne yake shanye tsallen wuta. Idan aka cire shi farat ɗaya, bolt yakan yi tsalle ninki da yawa cikin ƙiftawar ido, ya ƙone dayod da rediyo. Ta biyu ita ce goga waya a jikin ƙarfe a ga tartsatsi. A kusa da tankin man jirgi da iskar da batir yake fitarwa, wannan wasa da rai ne.

Wajen cire batir, a fara da kan da yake haɗe da gangar jirgi, wajen mayarwa kuma a ƙare da shi. Mahaɗa mai tsatsa a goge ta har ƙarfe ya fito, a ɗaure bisa ma'aunin littafi. Wayar da ta karye a sa mata sabon baki da matsi na musamman, ba a murɗa ta a naɗe da salatif. Makatsin da yake yawan ɓallewa ba a musanya shi da mai ƙarfin da ya fi shi, domin waya yake karewa daga gobara. Batir kuma ba a yanke masa hukunci da tada inji kawai, sai an yi masa gwajin riƙo. Wanda ya gaza kashi 80 ko 85 cikin ɗari na ƙarfinsa, gwargwadon ƙa'idar kamfaninsa, ya gama aiki.

Akwai kuma jarabar sa kayan mota. Gaskiya ne altanetocin tsofaffin Cessna daga na Ford suka samo asali, na Piper da yawa kuma daga na Chrysler, har ido ba ya rarrabe su. Amma akwai bambanci a burushi da fanka da yadda aka gwada su. Dokokin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya sun wajabta cewa kayan da za a sa wa jirgi su zama masu takardar shaida, kuma injiniya mai lasisi ne zai sa hannu a littafin jirgi kafin ya sake tashi. Tsadar kuɗin waje da jinkirin odar kaya ba su zama uzuri ba. Hasali ma su ne babban dalilin da ya sa ya kamata a auna da kyau, don kada a yi makonni ana jiran altanetar da ba a bukata.

7.0 IDAN CAJI YA TSAYA A SAMA

Matuƙi yana bin jerin matakan littafin jirginsa. Galibi zai duba makatsai, ya kashe makunnin altaneta ya sake kunnawa sau ɗaya. Idan caji bai dawo ba, ko ya ji ƙaurin waya, sai ya bar ta a kashe, ya rage kaya, ya sanar da hasumiya, ya nufi fili mafi kusa. Lissafin mai sauƙi ne. A ce batir yana riƙe da amfiya 25 na awa ɗaya. Idan kaya suna jan amfiya 30, ba zai kai minti 50 ba, idan aka rage zuwa 10 zai haura awa biyu. Wannan ga sabon batir ke nan, wanda zafi ya cinye kuwa ƙila rabin haka. Idan rediyo ya ɗauke, lambar 7600 ce ake sa wa na'urar shaida muddin tana da wuta, hasumiya kuma za ta yi magana da fitila: kore tsayayye izinin sauka ne, ja tsayayye kuma umarni ne a ba da hanya a ci gaba da kewayawa. Amma a filin karkara babu hasumiya babu fitila, sai abin da injiniya ya tabbatar tun a ƙasa.

8.0 KAMMALAWA

Mun ga cewa tsarin caji sarƙa ce mai gaɓoɓi da yawa, altaneta kuma gaɓa ɗaya ce kawai a ciki. Mun kuma jera matakai biyar: batir, duban ido da hannu, bin wutar fili, awon ɓatan bolt, da gwaji inji yana tafiya. Dangane da haka muna ba da shawarwari uku. Na ɗaya, sassan koyar da fasaha a kwalejojin ilimi su sa awon ɓatan bolt cikin aikin hannu na shekarar farko. Ba sai an sami jirgi ba, tsohuwar altanetar mota da batir da injin niƙa mai jan bel sun isa a gina teburin gwaji, malami ya riƙa ɓoye ciwo a ciki ɗalibai suna nema. Na biyu, a nemi haɗin gwiwa da makarantar Zariya domin malamai su riƙa kai ziyarar gani da ido a rumfunan gyaranta. Na uku, masana harshe da masana fasaha su zauna su daidaita kalmomin wannan fanni, domin waɗanda muka yi amfani da su a nan shawara ce, ba a riga an tsai da su ba.

Yaron da ya koyi auna waya kafin ya kwance na'ura, ko bai taɓa shiga jirgi ba, zai amfani jama'arsa a kan motar kasuwa da famfon hasken rana da firjin allurar rigakafi a asibitin ƙauye. Idan kuma Allah ya kai shi rumfar gyaran jirage, abin da zai ƙara shi ne sanin littafi da kiyaye doka, tushen kuwa ya riga ya samu tun a aji.